Yadda na shawo kan ma'ajin CMake lokacin da muka koma OpenSSL 3.0

Ranar 11 ga Satumba, 2023, masu OpenSSL, laburaren da manhajoji ke ɓoye bayanai da shi, suka janye tallafin da suke bai wa jama'a a kan sigar 1.1.1. Manhajar da muke kula da ita a wurin aiki, wadda aka rubuta da C da C++, da wannan sigar take ɓoye bayanai, don haka aka ɗora mini aikin mayar da ita kan 3.0. Gaskiya ne Ubuntu 20.04 ta ci gaba da yi wa tata 1.1.1 faci, amma ba a kan Ubuntu kaɗai ake girka manhajarmu ba, ba kuma za mu zauna muna dogaro da facin wani ba.

Shirin farko bai ba ni wahala ba. Na sauke OpenSSL 3.0, na gina ta a gefe guda don kada ta taɓa wadda kwamfutar ke amfani da ita:

./Configure --prefix=/opt/openssl-3 --libdir=lib

CMake shi ne kayan aikin da muke tsara ginin manhajar da shi. Wanda ya zo da Ubuntu 20.04 siga 3.16 ne, shi kuma bai san OpenSSL 3.0 ba, sai daga 3.18 aka koya masa. Na girka 3.27, na koma cikin foldar aikin, na ba da umarni:

cmake -S . -B build -DOPENSSL_ROOT_DIR=/opt/openssl-3

Ya gama cikin ƙiftawar ido, bai yi ƙorafin komai ba. Sabon CMake ya karɓi tsohuwar foldar build da tsohon ya bari, ya ci gaba da ita. Na gina manhajar, ta ginu. Da na tambayi ldd wane laburare aka ɗaure ta da shi, sai ga libssl.so.1.1 na tsohuwar siga yana nan daram. Abin da ya fi jan hankalina shi ne shirun. Ranar da aka fara saita foldar, CMake kan rubuta cewa ya samo OpenSSL a wuri kaza, siga kaza. Wannan karon bai ambaci OpenSSL ko sau ɗaya ba, domin ba ya maimaita wannan sanarwa sai in sakamakon binciken ya canza. Shirun nan shi ne shaidar cewa babu abin da ya canza.

Amsar tana cikin build/CMakeCache.txt, wato ma'ajin CMake, inda yake ajiye saiti da sakamakon bincikensa. Fayil ne na rubutu zalla, kowane layi suna ne, da nau'i, da ƙima. Na laluba shi da grep, na ga abu biyu a jere da ba su jitu ba. OPENSSL_ROOT_DIR yana nuna /opt/openssl-3 kamar yadda na faɗa, nau'insa UNINITIALIZED saboda ban ba shi nau'i ba. A kusa da shi kuma OPENSSL_INCLUDE_DIR yana nuna /usr/include, OPENSSL_SSL_LIBRARY da OPENSSL_CRYPTO_LIBRARY suna nuna /usr/lib/x86_64-linux-gnu. Wato CMake ya ji maganata, ya rubuta ta, amma bai yi aiki da ita ba. OPENSSL_ROOT_DIR ishara ce kawai ga mai bincike: in za ka nema, fara ta nan. To find_path da find_library, umarnin CMake masu wannan bincike, ba sa fita nema idan ma'aji yana da amsa. Kamar tela ne da ya auna ka ranar farko ya rubuta a littafinsa. Ko shekara nawa za ka yi kana kawo yadi, da wannan awon zai ɗinka, sai ranar da ka ce ya soke shafin ya sake aunawa.

Ya kamata a fahimci dalilin wannan hali, domin duk sauran abin da na tarar daga nan ya taso. Kamfanin Kitware na Amurka ne ya fito da CMake a shekarar 2000, Bill Hoffman ne ya fara rubuta shi, don a iya gina ITK, manhajar sarrafa hotunan asibiti, a kan Windows da Unix da tsari guda. Aikin da ma'ajin ke yi kashi biyu ne. Na farko rage ɓata lokaci, don kada a riƙa gwada kwamfaila (mai mayar da kod manhaja) da neman laburare a kowane zagaye. Na biyu ya fi nauyi. CMake yana sake tayar da kansa duk lokacin da aka taɓa CMakeLists.txt, a tsakiyar make, ba tare da mutum ya sake buga umarninsa ba. Da babu inda ake ajiye zaɓin mai gini, da duk -D ɗin da ya bayar ya ɓace a wannan zagayen. Ke nan ma'ajin wurin ajiye maganar wanda ke gini ne a kwamfutarsa. Marubucin aikin yana iya ba da shawarar ƙimar farko, amma da zarar an rubuta ta, ta zama ta mai foldar. A saman fayil ɗin ma an rubuta cewa kana iya gyara ƙimomin da hannunka.

Shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a goge foldar build gaba ɗaya, kuma tana aiki. Ni ban bi ta ba a lokacin. Aikinmu yana jawo wasu laburare daga intanet ta hanyar FetchContent, suna zama a build/_deps, gogewa na nufin sake kashe data da sake dogon gini a kan batirin da ba a san yaushe wuta za ta dawo ba. Ban da wannan, akwai abokan aiki da za su ja canjina su gina a tsofaffin foldojinsu, ina bukatar sanin ainihin layukan da ke riƙe da tsohon sakamako don in faɗa musu abin da za su yi. CMake yana da -U, wanda ke cire layi daga ma'aji:

cmake -S . -B build -U OPENSSL_INCLUDE_DIR -U OPENSSL_SSL_LIBRARY -U OPENSSL_CRYPTO_LIBRARY -DOPENSSL_ROOT_DIR=/opt/openssl-3

Dole ishara ta riga binciken zuwa. Wanda ya cire layukan alhali babu OPENSSL_ROOT_DIR a ma'aji, CMake zai sake nema nan take, ya sake samo 1.1.1, ya sake rubuta ta. Kuma duka ukun za a cire. In aka cire na fayilolin .h aka bar na laburare, za a gina manhaja da kan sabuwar siga a ɗaure ta da gangar jikin tsohuwa, wannan kuwa ya fi tsayawa a kan tsohuwar haɗari. Bayan umarnin, sanarwar ta fito da siga 3.0, ldd ya nuna libssl.so.3 daga /opt/openssl-3/lib.

Sai gwaji guda ya faɗi: wanda ke buɗe tsofaffin fayilolin da aka kulle da Blowfish. Wannan bai zo da mamaki ba. A OpenSSL 3.0 an kwashe tsofaffin hanyoyin ɓoyewa irin su Blowfish da RC4 da MD4 an sa su a wani ɓangare mai suna legacy, wanda ba ya tashi sai an kira shi. Amma wata abokiyar aiki ta riga ta rubuta kod ɗin da ke kiransa tun watannin baya, cikin shirin wannan ƙaura. Na ga kod ɗin da idona. Don in ga inda abin ke tsayawa, ina bukatar gdb, kayan bin sawun manhaja tana cikin aiki, shi kuma yana bukatar ginin Debug:

cmake -S . -B build -DCMAKE_BUILD_TYPE=Debug

Na gina, gdb ya ce babu alamomin bin sawu. Na duba umarnin da make ke bai wa kwamfaila da VERBOSE=1, sai ga -O3 -DNDEBUG, babu -g. Na koma ma'aji, CMAKE_BUILD_TYPE yana cewa Release. Wannan ya sha bamban da matsalar farko. A can ma'aji ya riƙe abin da na faɗa, bai dai yi amfani da shi ba. A nan an goge abin da na faɗa. Ƙa'ida ita ce -D yana danne duk abin da ke ma'aji, don haka tilas wani abu ne ya sake rubutu bayan nawa. Na gudanar da cmake da --trace-expand, wanda ke zayyana kowane layin da aka bi tare da sunan fayil da lambar layi, na tace abin da ya fito da grep. A wani fayil da ke foldar cmake, wanda babban CMakeLists.txt ke jawowa, na samu wannan:

set(CMAKE_BUILD_TYPE Release CACHE STRING "" FORCE)

Babu sharaɗi a kansa. Kowane zagaye, layin umarni ya rubuta Debug, wannan layin ya zo ya shafe. Tarihin Git ya nuna babban injiniyanmu ne ya sa shi shekarun baya, sai na same shi.

Na ce, "Oga, wannan FORCE ɗin da ke kan CMAKE_BUILD_TYPE, akwai dalilin da ya sa aka bar shi haka?"

Ya ce, "Akwai. An taɓa tura wa abokin ciniki manhaja tana tafiyar hawainiya, saboda wanda ya gina bai faɗi nau'in gini ba. Na sa set babu FORCE, bai yi komai ba. Da na ƙara FORCE sai ya kama."

Maganarsa daidai ce ta kowace fuska. Da Makefiles ko Ninja, in ba a faɗi nau'in gini ba, CMake yana barinsa fayau, kwamfaila ba ya samun -O ko ɗaya. Kuma set babu FORCE ba zai kama ba, domin tun a layin project() CMake ya riga ya buɗe CMAKE_BUILD_TYPE a ma'aji da ƙima fayau. A wurin set, layin da ke nan fayau layi ne da ke nan, ba ya taɓa shi. Abin da ya rage shi ne a ɗaure FORCE ɗin da sharaɗi, ya cike gurbi kawai in mai gini bai ce komai ba:

if(NOT CMAKE_BUILD_TYPE AND NOT CMAKE_CONFIGURATION_TYPES)
  set(CMAKE_BUILD_TYPE Release CACHE STRING "Nau'in gini" FORCE)
endif()

Rabin sharaɗin na biyu saboda masu Visual Studio da Xcode ne, inda ake zaɓar Debug ko Release a lokacin gini, CMAKE_BUILD_TYPE ba shi da aiki. Oga ya karanta, ya ce, "Bismillah, tura."

A nan nake da ra'ayi mai ƙarfi. FORCE marar sharaɗi a cikin CMakeLists.txt ƙwace ne. Yana karɓe hakkin mai gini na faɗin yadda yake son a gina abu a kwamfutarsa, kuma yana yin haka shiru, babu gargaɗi. Mutum ya canza ƙima a ccmake ko cmake-gui, wato kayan duba ma'aji da gyara shi, ya danna saitawa, ya ga ta koma yadda take. Wanda ya fi shan wahala shi ne sabon ma'aikaci ko ɗalibin da ke koyo, domin ya bi littafi daidai, abin ya ƙi, sai ya ɗauka shi ne bai iya ba. In da gaske marubucin aiki ba ya son a canza wata ƙima, to ba ta da wurin zama a ma'aji tun farko. Ya sa ta da set na yau da kullum, babu CACHE. Irin wannan saitin yana rufe na ma'aji mai suna iri ɗaya muddin yana raye, ba ya kuma bayyana a ccmake ya yaudari kowa cewa zaɓi ne. Abin lura kuma, nau'in INTERNAL da kansa yana ɗauke da FORCE ko ba a rubuta ba.

Da Debug ya samu, gdb ya nuna abin cikin sauri: layukan da ke kiran legacy ba sa cikin manhajar sam. An kewaye su da #ifdef HAVE_OPENSSL_PROVIDER_H, sunan kuma ba ya cikin config.h da CMake ya fitar. Abokiyar aikin ta rubuta check_include_file don ya duba ko akwai openssl/provider.h, fayil ɗin da sai a 3.0 ya bayyana, ta kuma nuna masa OPENSSL_INCLUDE_DIR yadda ya dace. Matsalar ita ce an yi wannan gwajin a foldata tun ana kan 1.1.1, ya faɗi, an rubuta faɗuwar.

Akwai bambanci a nan da ya cancanci a riƙe. Idan find_library bai samu abu ba, yana rubuta ƙimar da ta ƙare da NOTFOUND, kuma a zagaye na gaba zai sake nema. Nasara kaɗai yake riƙewa. Su check_include_file da check_symbol_exists kuwa suna riƙe nasara da faɗuwa duka, ba sa sake gwaji muddin sunan yana ma'aji. Sannan suna rubuta sakamakon da nau'in INTERNAL, wanda cmake -LA ba ya nunawa, ccmake ma ba ya nunawa. Sai mutum ya buɗe fayil ɗin ya gangara ƙasa zai ga HAVE_OPENSSL_PROVIDER_H:INTERNAL= babu komai bayan alamar. Maganin dai -U ne, wannan karon da tauraro, cikin alamar zance don kada bash ya fassara shi:

cmake -S . -B build -U 'HAVE_*'

Duk gwaje-gwajen suka sake gudana a kan sabbin fayiloli, gwajin Blowfish ya wuce.

Kafin in tura aikin, na so in tabbatar cewa wanda zai fara daga farko zai samu abin da na samu. Tun siga 3.24, ta Agustan 2022, akwai --fresh, wanda ke goge CMakeCache.txt da foldar CMakeFiles ta sama ya sake saitawa. Ba kyauta ba ne, domin fayilolin .o na duk abin da aka ayyana a babban CMakeLists.txt a cikin wannan foldar suke, za a sake gina su. Amma a 3.27 ɗin da nake kai, abin da ke _deps bai tafi ba. Na gudanar da shi, sai ginin ya fara haɗa gwaje-gwajen wani ƙaramin laburare da muke jawowa, abin da ban san shi da yi ba a wannan folda. Ga kuma layinmu a sarari kafin a jawo shi, yana kashe zaɓin gwaje-gwajen da set na yau da kullum zuwa OFF.

Wannan ne ya fi duk sauran ɗaurin kai, kuma gargaɗin da CMake ya buga a zagayen shi ya warware shi: ƙa'idar CMP0077. A tsohon hali, idan option(), umarnin da laburaren ke ayyana zaɓinsa da shi, ya zo bai tarar da sunan a ma'aji ba, yana rubuta ƙimarsa ta asali a ma'aji, sannan ya share saitin yau da kullum mai wannan suna. Idan kuwa ya tarar da sunan, ba ya yin komai, saitinmu ya tsira. Sakamakon shi ne zagayen farko ON, na biyu da duk na bayansa OFF, da fayiloli iri ɗaya, babu harafin da ya canza. Foldojinmu na ofis duk sun daɗe da wuce zagayen farko, shi ya sa babu wanda ya lura. A siga 3.13, ta Nuwambar 2018, aka gyara wannan: option() yana barin saitin yau da kullum in ya tarar da shi. Sai dai CMake ba ya kunna sabon hali sai aikin ya nuna ya san shi, kuma abin da ake dubawa shi ne cmake_minimum_required na laburaren da option() ke ciki. Namu na sama ba ya ceton sa. Laburaren ya tsaya a sigar da ta girmi 3.13.

Abin da ake yawan yi a nan shi ne a rubuta ƙimar a ma'aji da FORCE kafin a jawo laburaren. Yana aiki, amma ya dawo da mu gidan jiya: ranar da wani ya so kunna gwaje-gwajen laburaren da -D don ya bincika wata matsala, ba zai iya ba, in kuma aka cire layin daga baya, OFF ɗin yana nan a ma'ajin kowa. Na zaɓi layi guda kafin FetchContent_MakeAvailable:

set(CMAKE_POLICY_DEFAULT_CMP0077 NEW)

Wannan yana kunna sabon hali ga laburaren ba tare da an taɓa fayilolinsa ba. Saitin namu har yanzu yana rinjayar -D, amma ba ya barin komai a ma'aji, don haka na kewaye shi da if(NOT DEFINED ...) yadda mai gini zai iya shiga gabansa. Akwai 'yar uwar wannan ƙa'ida, CMP0126 ta siga 3.21, wadda ke yin irin gyaran ga set mai CACHE, ita kuma ba ta yin gargaɗi sai an nema. Na kunna ta a layi na gaba.

Kwamfaila shi ne abin da ban yi ƙoƙarin canzawa a cikin folda ɗaya ba. CC da CXX, haka CFLAGS da CXXFLAGS, a zagayen farko kaɗai CMake ke karanta su daga muhalli, bayan nan ko kallonsu ba ya yi. Wanda ya tilasta da -DCMAKE_CXX_COMPILER, CMake zai sanar da shi cewa dole a goge ma'aji, ya goge, ya kuma gargaɗe shi cewa wasu saitinsa sai ya sake sa su. Haka canza Makefiles zuwa Ninja, kai tsaye yake ƙi. Don gwajin wani kwamfaila mai suna Clang na buɗe build-clang, na nuna wa FETCHCONTENT_SOURCE_DIR na kowane laburare abin da aka riga aka sauke, don kada a sake taɓa intanet.

A ƙarshe na tattara dogayen umarnin nan a CMakePresets.json, wanda ya shigo a siga 3.19. Kowane tsari yana da sunansa, da foldarsa, da jerin cacheVariables, yana shiga Git kowa ya samu iri ɗaya. Hanyar /opt/openssl-3 tawa ce ni kaɗai, ta tafi CMakeUserPresets.json, wanda ba a turawa. Abin da ke cacheVariables daidai yake da -D, don haka yana da halinsa: in ka cire suna daga fayil ɗin, ba ya fita daga ma'aji, yana nan da ƙimarsa ta ƙarshe har sai an yi -U ko --fresh. Saboda haka na sa sabar da ke gwada kowane canji ta riƙa gudanar da cmake --preset ci --fresh, sannan ta sake gudanar da cmake karo na biyu ta kwatanta config.h da jerin abubuwan ginawa na zagayen biyu. In sun bambanta, gwajin ya faɗi. Ga abokan aiki masu tsofaffin foldoji kuma, na rubuta musu umarni guda a bayanin canjin, mai ɗauke da -U uku na OpenSSL, da na HAVE_*, da hanyar da kowa ya girka tasa 3.0.